Kwandon Waya da Lamirin Maƙeri

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani matashi ɗan ikkilisiyarmu ya tsayar da ni a gindin mangwaron da ke ƙofar majami'a. Mai walda ne, shi ya yi mana ƙofofi da tagogin ajin yara, bai kuwa karɓi ko kwabo na ladan hannunsa ba. Ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wani abu mai kama da bokiti, sai dai jikinsa duka raga ce ta farin ƙarfe, da mariƙi a sama da 'yan ƙafafu a ƙasa. Ya ce wani ma'aikaci da ya yi karatu a ƙasar waje ne ya kawo masa hoton, yana so a ƙera masa guda biyu. Mutumin bai ɓoye masa kome ba, ya ce giya zai riƙa dafawa da su a gidansa. Kuɗin da ya yi alkawari ya isa biyan makarantar yaran mai waldan na zango guda, ga shi kuwa wata biyu ke nan aiki ya ja baya. Ya ce, "Baba, ni ban taɓa sa giya a bakina ba, ba kuwa zan sa ba. Ƙarfe kaɗai zan lanƙwasa. In yi, ko kada in yi?"

Na ce masa, "Ɗana, ba ni mako guda." Na roƙi wannan lokaci ne domin na ga amsoshi biyu masu sauƙi suna jirana a bakin harshe, ban kuwa amince da ko ɗayansu ba. Ta fari ita ce, duk abin da ya shafi giya haram ne, a rufe magana. Ta biyu ita ce, ƙarfe ba ya zunubi, ka karɓi kuɗinka ka yi godiya. Abin da na yi ta juyawa a zuciya cikin makon nan shi nake so in shimfiɗa a gaban masu karatu, gama tambayar ta wuce shagon walda. Ta shafi manomin dawa, da mai injin niƙa, da direban da ke ɗaukar kaya, da mai ba da hayar ɗaki, har da mu da muke zama a majalisar dattawa muna yanke wa waɗansu hukunci.

ABIN DA KWANDON KE YI

Kafin mutum ya yi wa abu shari'a, ya kamata ya san shi. A Amurka da Ingila da Ostareliya da waɗansu ƙasashe, dafa giya a gida abin sha'awa ne ga mutane da yawa, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Ingila ta soke neman lasisi domin wannan a shekarar 1963. A Amurka kuwa Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan doka a 1978 wadda ta yarda wa baligi ya dafa galan 100 a shekara, ko galan 200 in gidan yana da baligai biyu ko fiye, da sharaɗin ba za a sayar ba.

Hatsinsu sha'ir ne. Akan jiƙa shi ya tsira, a shanya, a ɓarza. Sai a zuba ɓarzajjen tsiron cikin ruwa mai zafin digiri 63 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, a bar shi kamar sa'a guda. A cikin wannan lokaci waɗansu sinadarai da tsiron ya haifar a jikin ƙwayar suna mai da sitaci ya zama sukari, ruwan ya yi zaƙi. Babbar wahalar ita ce raba ruwan da dusa. A dā sai mutum ya tanadi tukwane uku da bututai. Wajen tsakiyar shekarun 2000 masu wannan sha'awa a Ostareliya suka yaɗa dabarar zuba hatsin cikin jakar yadi a tsoma a tukunya ɗaya. Amma jaka takan yage, takan ƙone in ta taɓa gindin tukunya, tana kuma da wuyar ɗagawa in ta sha ruwa. Kwandon ragar ƙarfe ya magance wannan. Ana zuba kilo 4 zuwa 6 na tsiro a ciki domin samun lita 19 zuwa 23, ƙafafunsa suna hana hatsin taɓa wuta, in lokaci ya yi a ɗaga shi a jingina a bakin tukunya, ruwan ya tsiyaye, dusa ta zauna a ciki.

A lura da wannan da kyau. A daidai lokacin da aka ɗaga kwandon, babu ko ɗigon abin maye a cikin tukunyar. Ruwan zaƙi ne kawai, wanda yaro zai iya sha. Sai an tafasa shi, ya huce, an zuba yisti, an bar shi kwanaki, sa'an nan sukarin ke juyewa ya zama abin da ke bugarwa. Wannan ilimi kuwa iyayenmu mata sun daɗe da shi. Mai kunun zaƙi da ke zuba tsiron shinkafa ko garin dankali a cikin gasara domin kunu ya yi zaƙi ba tare da sukari ba, wannan aikin take yi. Mai burukutu da ke jiƙa dawa ta tsira, ta niƙa, ta dafa, ta tace da kwando ko buhu, ita ma haka. Lemon tsiro na kwalba da muke rabawa a bukukuwan aure a harabar majami'a daga irin wannan ruwan zaƙi yake fitowa. Hanya ɗaya ce har zuwa bakin mataci, daga nan ne ta rabu biyu.

KO KAYAN AIKI YANA DA LAIFI?

To, in haka ne, mai cewa ƙarfe ba ya zunubi yana da gaskiya a gefe guda. Kwando ba shi da nufi, ba ya sanin abin da aka zuba masa. Littafi Mai Tsarki bai taɓa la'antar sana'ar ƙira ba. A Farawa sura 4 an ambaci Tubal-kayinu a kan shi ne mai ƙera kayan tagulla da na baƙin ƙarfe. A Fitowa sura 31 Ubangiji da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa domin ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla na alfarwa. Gwanintar hannu baiwa ce.

Amma a buɗe sura ta gaba, Fitowa 32. A can ma akwai zinariya da wuta da gwanin hannu, abin da ya fito kuwa ɗan maraƙi ne. Da Musa ya tuhumi Haruna, sai Haruna ya ba da amsar da masu sana'a suke bayarwa har wa yau. Ya ɗora wa jama'a laifi domin su suka nema, ya kuma yi magana sai ka ce maraƙin da kansa ya fito daga cikin wuta. Ba a karɓi wannan hujja ba. Zinariyar Bezalel da ta Haruna iri ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne, kowannensu ya san abin da yake ƙerawa da abin da za a yi da shi.

Akwai kuma wani abin da mai cewa "ƙarfe ne kawai" yakan manta. Kayan aiki yana sauƙaƙa wani abu, abin da aka sauƙaƙa kuwa yakan yawaita. Burukutu yana cin kusan mako guda daga jiƙa dawa zuwa ranar sha, da ɗebo ruwa, da itace mai yawa, da tsayuwa a bakin wuta. Wannan wahala kanta shinge ce, ko da yake ba wanda ya kafa ta da gangan. A ƙauyuka da yawa a dā sai ranar gayya, ko biki, ko kasuwa ake samun giya, domin ba mai iya dafa ta kullum. Duk dabarar da ta rage wahalar ta rage tsawon shingen. Ba na cewa a ƙi sauƙi, gama ba wanda yake so matarsa ta koma niƙa a dutse. Abin da nake cewa shi ne, mai ƙera abin da ke kawo sauƙi ya sa hannu cikin abin da sauƙin zai haifar, ko da hannun ɗan kaɗan ne.

MA'AUNI NA FARI: ME KA SANI?

In kuwa haka ne, ina iyakar alhaki? In muka ce duk wanda abinsa ya taɓa giya ya yi laifi, ba wanda zai tsira. A 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya suka juya ga dawa da masara. An janye hanin daga baya, amma dawa ta riga ta sami gindin zama a wannan masana'anta. Manomin da ya kai buhu goma kasuwa ba shi da hanyar sanin ko tuwo za su zama, ko abincin kaji, ko kwalba. Za mu ce ya daina noma?

Shari'ar Musa ta ba da ma'auni mai kyau a Fitowa 21. In sa ya soki mutum har ya mutu, mai san ba shi da laifi. Amma in an san san da yin suka tun dā, an kuma faɗa wa mai shi, bai ɗaure shi ba, to, jinin yana wuyansa. Ɓarnar ɗaya ce a duka biyun, sanin mai sa ne ya bambanta hukunci. Manzo Bulus ya bi wannan hanya a 1 Korantiyawa 10 a kan naman da aka miƙa wa gumaka. Ya ce masu bi su sayi abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba. Amma in wani ya buɗe baki ya ce wannan naman hadaya ne, sai a bari, saboda wanda ya faɗa da kuma saboda lamiri. Bai ɗora wa mai bi aikin ɗan sanda ba, bai kuma yarda masa ya toshe kunne ba.

Ko shari'ar duniya ta gane wannan. Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita daga 1920 zuwa 1933. A cikin waɗannan shekaru shaguna suka cika da kwalabe da ganguna da ruwan tsiro na gwangwani, kowa yana cewa kayan girki ne. A 1930 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da ƙwace irin waɗannan kaya daga hannun wani ɗan kasuwa, domin an jera su an kuma tallata su ta yadda za su jawo masu niyyar dafa giya. Kwalba halal ce a ko'ina, amma kotun ta dubi nufin mai sayarwa.

Da wannan ma'auni, manomin da ya kai dawa kasuwa ya kuɓuta. Mai waldan da aka ce ya yi mataci, ba a faɗa masa na mene ne ba, shi ma ya kuɓuta, ba kuwa wajibi ne ya bi mai saye har gida ba. Amma ɗan'uwanmu an faɗa masa. Daga lokacin da maganar ta shiga kunnensa, ba zai iya komawa matsayin wanda bai sani ba.

WATA GASKIYA DA YA KAMATA MU FAƊA

A nan dole in faɗi abin da waɗansu ba za su so ji ba. Littafi Mai Tsarki ya hana buguwa a fili, a Karin Magana 23, da Afisawa 5, da Galatiyawa 5, ba wanda zai yi gardama a kan wannan. Amma a kan ko ɗanɗanawa ma zunubi ne, masu bi na gaskiya sun sha bamban tun da daɗewa. Katarina, matar Martin Luther, tana dafa giya a gidansu a Wittenberg. Ruwan inabi marar maye da ikkilisiyoyi da yawa suke amfani da shi a Jibin Ubangiji, sai a 1869 Thomas Welch ya fito da hanyar adana shi a Amurka. Saboda haka ba ni da ikon cewa mutumin da ya kawo hoton nan ya fita daga alherin Allah. Shari'arsa tana hannun Ubangijinsa.

Duk da haka iyayenmu cikin bangaskiya da suka ce masu bi su rabu da giya ɗungum ba wauta suka yi ba. Sun ga rumbun da ya ƙare kafin damina ta tsaya domin an mai da dawa burukutu. Sun ga matan da aka doka, da yaran da aka cire daga makaranta, da dattawan da ciki ya kumbura musu. A waɗansu wurare kuma giya tana haɗe da tsafi, ba a yin hadaya sai da ita. Abin da suka gani bai shuɗe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 tana da nasaba da shan giya. Mun ɗauki alkawarin ƙauracewa ne domin ƙaunar raunanan cikinmu, bisa ga koyarwar Romawa 14, inda aka gargaɗe mu kada mu zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa. Ɗan'uwanmu mai walda ya shiga wannan alkawari da bakinsa ranar da aka yi masa baftisma. Yaran da yake koya wa sana'a suna kallonsa. Ɗaya daga cikinsu kuwa, kamar yadda shi da kansa ya gaya mini, giya ce ta kashe mahaifinsa.

Wannan sura ta Romawa ta ƙare da cewa duk abin da mutum ya yi yana shakka, ba bisa ga bangaskiya ba, ya zama masa zunubi. Da zuciyar mai waldan ta kwanta, da bai tsayar da ni a gindin mangwaro ba. Tambayarsa ta riga ta nuna inda lamirinsa ya karkata. Abin da yake nema a wurina, in na fahimce shi daidai, shi ne ko dai in ba shi izinin danne lamirin, ko in ƙarfafa shi ya bi shi.

MA'AUNI NA BIYU: WACE HANYA KAKE DA ITA?

Sani kaɗai bai isa ya auna nauyin alhaki ba. Akwai ma'auni na biyu, shi ne yawan zaɓin da mutum yake da shi. A nan ne tunanina ya bar shagon walda ya dawo kanmu, mu shugabanni.

Wane ne muka fi sa wa horo a kan maganar giya? Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a ƙauye ya san amsa. Gwauruwa ce, mai 'ya'ya huɗu ko biyar, wadda dangin miji suka karɓe gona, ba ta da jari sai tukwane biyu da sanin da ta gada wurin uwarta. Ta san abin da take yi, ba na wanke ta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, mai dafawa da mai sha duka suna da rabonsu. Amma a duba sarƙar tun daga farkonta. Akwai attajirin da ke ba ta dawa bashi, ya san sarai abin da za ta yi da ita, yana kuma karɓar riba ranar kasuwa. Akwai mai injin da ke niƙa mata tsiro, wanda warinsa ba ya ɓuya. Akwai mai gidan da ke karɓar hayar rumfar da ake sha. Akwai mai aladun da ke sayen dusar da arha. Waɗannan duka sun sani kamar yadda ta sani, sun kuma fi ta hanyoyin samun abinci nesa ba kusa ba. Amma ita kaɗai ake dakatarwa daga Jibin Ubangiji, domin ita ce hayaƙi yake tashi a gidanta. Sauran kuwa muna karɓar zakkarsu, wani lokaci ma mu ba su kujerar gaba ranar godiyar kaka.

A Matiyu 23 Ubangijinmu ya kwatanta malaman Attaura da Farisiyawa da mutumin da ke tace abin shansa saboda ɗan ƙwaro, alhali raƙumi ya wuce ta maƙogwaronsa. Hoton mataci ne, ya kuwa dace da zancenmu. Kowane mataci yana da girman ido, idon ne yake yanke abin da zai wuce da abin da zai tsaya. Ina tsoro namu matacin an saƙa shi ta yadda yake kama matalauci ya saki mai hali. Muna auna laifi da kusancin mutum da tukunya, alhali Luka 12 ya koya mana cewa wanda aka ba da yawa, a wurinsa za a nemi da yawa.

In muka bi ma'aunin nan biyu da gaskiya, ɗan'uwanmu mai walda yana tsakiya. Ya fi gwauruwar zaɓi, gama yana da sana'ar da za ta iya yin ƙofa, da gado, da amalanke. Amma bai kai attajirin dawa ba, domin kuɗin makaranta yana wuyansa, mako mai zuwa kuwa za a kori yara. Duk wanda zai ce masa ya bar aikin nan, ya san abin da yake nema a gare shi ba ƙaramin abu ba ne.

"AI WANI ZAI YI"

Akwai hujja ɗaya da ta rage, ita ce ta fi ƙarfi. In ɗan'uwanmu ya ƙi, mai hoton zai taka zuwa shago na gaba, a yi masa kwandonsa, giyar ta dahu. Ba ɗigo ɗaya da zai ragu a duniya, yaran mai bi ne kaɗai za su zauna a gida. Har ma ana iya ƙarawa da cewa ɗan'uwanmu zai yi aikin da farin ƙarfe marar tsatsa, wani kuwa zai iya yi da wayar kejin kaji mai rufin tutiya, ko ya like da dalma, waɗanda suke narkewa cikin ruwa mai zafi da tsami su zama guba. Ashe ba gara mai tsoron Allah ya yi ba?

Na ɗauki wannan hujja da nauyi, amma ban yarda da ita ba. Da ita ce ake karɓar cin hanci a ofis, da ita ake sayar da jabun magani, kowa yana cewa in ban yi ba wani zai yi. In kowa ya jingina da wani, sai a wayi gari ba wanda ya yi alhali an yi. Ba a ba ni alhakin dukan abin da ke faruwa a duniya ba, amma an ba ni alhakin abin da ya bi ta hannuna. Maimaitawar Shari'a 22 ta umarci mai gina sabon gida ya ja katanga kewaye da rufin soronsa domin kada wani ya faɗo. Ba a ce ya kewaye sorayen gari duka ba, ba a kuma yafe masa nasa domin na maƙwabcinsa a buɗe yake ba. Game da guba kuwa, mai bi yana iya gaya wa mai hoton gaskiya kyauta, ya ce duk inda za ka kai aikin nan, kada ka yarda a sa maka dalma ko wayar tutiya. Ƙin aikin bai hana shi ƙaunar mutumin ba.

ABIN DA NA FAƊA MASA

Da mako ya cika na je shagonsa da kaina. Na ce, "Ɗana, kwandon ba shi da laifi, sana'arka kuma mai daraja ce. In mai kunun zaƙi ko mai kamu ta zo neman irinsa, ka yi mata da kyau, ka yi da ƙarfen da ba zai cuci mai sha ba. Amma wannan an gaya maka abin da za a yi da shi, ka kuma yi alkawari a gaban jama'ar Allah, zuciyarka ma ba ta ba ka ba. Shawarata ita ce ka bari. Ka faɗa wa mutumin dalilinka cikin ladabi, ban da zagi, ban da wa'azin da bai nema ba."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji, Baba. To, makarantar yara fa?"

Wannan tambaya ta kashe mini jiki, domin Yakubu sura 2 ta riga ta yi mana kashedi a kan sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi. Na kai maganar gaban dattawa. Da muka buɗe littafin kuɗi, sai muka ga shekara uku ke nan muna buɗe ƙofofin da ya yi muna rufewa, ba wanda ya taɓa tunanin ladansa. Muka biya shi rabi a wannan wata, da alkawarin cikawa bayan kaka. Bai kai abin da mai hoton zai ba shi ba. Yaro ɗaya ya koma makaranta a kan lokaci, ɗayan ya yi mako biyu a gida. Na kuma ji an yi kwandunan a wani shago.

Ban kawo wannan domin a yabe mu ba, gama bashi muka biya, a makare kuma. Na kawo shi ne domin in nuna cewa duk ikkilisiyar da ta ce wa mutum ya bar abin da yake ci da shi, ta ɗauki rabon nauyin a kanta. Har yanzu akwai gwauraye uku a ƙarƙashin horo a gundumarmu saboda burukutu. Ban san ko ɗaya daga cikinmu da ya je ya tambaye su nawa ne jarin da zai ishe su su koma kunu, ko ƙosai, ko kiwon awaki ba. Ban kuma ji an kira masu ba su dawa bashi gaban majalisa ba.

Ina roƙon kowane mai karatu ya yi wa kansa tambayoyi biyun nan a kan sana'arsa: me na sani game da inda aikin hannuna yake zuwa, wace hanya kuma nake da ita? Dattawa da shugabannin zumuntar mata kuma su ƙara ta uku kafin su sa hannu a takardar horo: me muka tanada domin wanda muke cewa ya bari? Ubangiji ya ba mu lamiri mai rai, da hannun da ba ya nauyin taimako. Amin.